Daga Tama Zuwa Rodi: Yadda Ake Yin Ƙarfe Da Abin Da Ya Kamata Mai Gini Ya Sani

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya ajiye wa bayinsa arziki a cikin ƙasa, Ya kuma ba su hankalin fito da shi. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da iyalan gidansa da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa, da wuya ka shiga unguwa a Yamai ko Maraɗi ko Damagaram ba ka tarar ana ginin masallaci ko makarantar Islamiyya ba. Kwamiti zai tara gudummawa, a sayo siminti da yashi da tsakuwa, sannan a tura mutum biyu kasuwa sayen rodi. Ɗan kasuwa zai nuna musu kashi biyu, duka an ce lamba 12 ne, amma ɗaya ya fi araha. Yawancinmu arahar muke bi, domin a wurinmu ƙarfe ƙarfe ne. Alhali wannan rodin shi zai riƙe rufin kankare a kan ɗaruruwan masallata shekara da shekaru. Saboda haka muka ga ya dace mu bayyana yadda ake yin ƙarfe tun daga dutse, da sunayen da ake amfani da su a wannan sana'a, domin mai saye ya san abin da yake saye, ɗalibi kuma ya ƙaru.

Ƙarfe a Alƙur'ani da Sunna

Sura ta 57 a cikin Alƙur'ani sunanta Suratul Hadid, wato surar ƙarfe. A aya ta 25 Allah Ya ambaci ƙarfe tare da Littafi da ma'auni, Ya siffanta shi da tsananin ƙarfi da amfani ga mutane. A Suratu Saba'i an ba da labarin yadda aka tausasa wa Annabi Dawuda (AS) ƙarfe yana ƙera sulke, aka kuma umarce shi ya daidaita awon zobunan sulken. A Suratul Kahfi kuwa akwai labarin Zulƙarnaini, wanda ya jera guntayen ƙarfe tsakanin duwatsu biyu, aka hura musu wuta har suka yi ja, sannan ya kwarara narkakken jan ƙarfe a kansu.

Cikin sahabbai akwai maƙera. Khabbab bin Aratt (RA) maƙeri ne a Makka, kuma a gidan wani maƙeri na Madina mai suna Abu Saif aka shayar da Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW). Bukhari da Muslim sun ruwaito hadisin da ya kwatanta Madina da zugazugin maƙeri, tana fitar da miyagun mutane kamar yadda wutar maƙera ke fitar da dattin ƙarfe. A riƙe abu biyu daga waɗannan nassoshi, fitar da datti da daidaita awo, domin duk aikin masana'antar ƙarfe a kansu yake tafiya.

Tama: inda ƙarfe ke farawa

Ba a haƙo ƙarfe a sandarsa. Abin da ake haƙowa shi ne tama, wato dutse ko ƙasar da ƙarfe ya haɗu a cikinta da iskar oksijin, tare da yashi da laka. Kusan kashi 5 cikin 100 na ɓawon duniya ƙarfe ne, kuma shi ke ba jar ƙasa da marmara launinsu. Manyan ire-iren tama biyu ne: hematit, mai launin ja, da magnetit, baƙa wadda mayen ƙarfe ke kamawa. Idan babu gauraye, kowace daga cikinsu tana ɗauke da ƙarfe kimanin kashi 70 cikin 100.

Tsatsar da muke gani a jikin tsohuwar garma ƴar'uwar tama ce. Ƙarfe ne ya sake haɗuwa da oksijin, yana komawa yadda aka same shi. Don haka aikin mai narka tama shi ne raba ƙarfe da oksijin, kuma abin da ke yin wannan rabon shi ne kabon, sinadarin da gawayi ya ƙunsa. Idan gawayi ya ci wuta a inda iska ba ta wadata ba, yana fitar da wata iska mai guba, kabon monoksid, wadda ke kashe mutanen da suka kwana da kaskon wuta a rufaffen ɗaki lokacin sanyi. A cikin tanderu wannan iskar ce ke fizge oksijin daga jikin tama, ta bar ƙarfe.

Yadda magabata suka yi

Wannan ilimi daɗaɗɗe ne a ƙasashenmu. Masu binciken tarihin ƙasa sun samu burbushin narka tama a duwatsun Termit da ke gabashin Nijar, wanda ake lissafawa cikin mafi daɗewa a Afirka kudu da Sahara. A Burkina Faso, wuraren narka tama na dā sun shiga jerin kayan tarihin duniya na UNESCO a 2019, kuma na Douroula ya kai ƙarni na 8 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Tama ce ta jawo mazauna farko zuwa Dutsen Dala a Kano, kuma maƙeran Adar sun ci gaba da narka ta har cikin ƙarni na 20.

Suna gina tanderu na yumɓu, su zuba gawayi da tama hawa-hawa, iska na shiga ta bututun yumɓu a gindi. Zafin yakan kai kimanin digiri 1,200. Tsantsar ƙarfe kuwa ba ya narkewa sai a digiri 1,538, saboda haka a irin wannan tanderu dattin ne ke narkewa ya gangara, ƙarfen ya dunƙule ya zama curi mai huji-huji kamar soso. Dattin shi ne kashin maƙera, wanda har yau manoma ke tonowa a wasu gonaki. Daga nan sai maƙerin baƙi ya ɗauki curin da awartaki, ya sa a wuta ana zuga, ya ɗora a kan uwar maƙera ya yi ta duka da masaba har ragowar dattin ya fita. Sana'ar narka tama ta mutu ne lokacin da tsofaffin ƙarafan motoci da na jirgin ƙasa suka yawaita, suka fi arha.

Dogon tanderu da ɗanyen ƙarfe

Masana'antun zamani suna yin aikin a cikin dogon tanderu, wanda tsayinsa kan wuce mita 30. Jikinsa ƙarfe ne, an shimfiɗe cikinsa da bulo mai jure wuta. Abu uku ake zubawa ta sama:

Na ɗaya, tama, bayan an niƙa ta an tace, an dunƙula ta ƙwallo-ƙwallo ko an gasa ta ta zama ɓarɓashi masu kauri, don iska ta samu hanyar ratsawa.

Na biyu, kok, wato kwal da aka toya a rufaffen tanderu babu iska, har hayaƙi da kwalta suka fita, ya rage kusan tsantsar kabon mai tauri. Wani Bature mai suna Abraham Darby ya yi nasarar narka tama da kok a Ingila a 1709, abin da ya rage dogaro da gawayin itace.

Na uku, dutsen farar ƙasa, irin wanda ake yin siminti da shi a Malbaza. Aikinsa shi ne ya kama yashi da lakar da ke cikin tama, su narke tare su zama kashin ƙarfe.

Ta ƙasa kuma ana hura iska mai zafin fiye da digiri 1,000, sai kok ya kama da wuta, zafi ya kai kusan digiri 2,000 a bakin bututun iskar. Kaya na gangarowa, iska mai zafi na hawa. A gindin tanderu narkakken ƙarfe yana kwanciya a ƙasa saboda nauyinsa, kashin yana iyo a samansa kamar mai a kan ruwa, sai a buɗe kafa a tsiyaye su daban-daban. Kashin ba ya zama asara, ana niƙa shi a haɗa da siminti ko a shimfiɗa a hanya. Da an kunna irin wannan tanderu, dare da rana yake aiki har shekara 15 ko fiye kafin a kashe shi don babban gyara.

Abin da ya fito shi ne ɗanyen ƙarfe, wanda masu Faransanci ke kira font. Ya sha kabon har kimanin kashi 4 cikin 100, kuma wannan kabon ɗin ne ya sa yake narkewa a kusan digiri 1,200. Yana da tauri, amma gautsi gare shi: ka buga masa guduma ya fashe kamar tukunyar ƙasa. Idan an sake narka shi aka zuba a cikin ƙira, ana samun ƙarfen zubi, wanda ake yin jikin injin mota da murfin magudanar ruwa da kan tsohon keken ɗinki da shi. Tukwanen da ake zubawa a kasuwar Katako ta Yamai ba sa cikin wannan, su alminiyam ne, wanda ke narkewa a digiri 660.

Tataccen ƙarfe

Tataccen ƙarfe shi ne abin da masu Ingilishi ke kira sitil, masu Faransanci kuma asiye. Ƙarfe ne da aka rage masa kabon ya koma ƙasa da kashi 2 cikin 100, galibi ma ƙasa da kashi 1. Ba shi da gautsin ɗanyen ƙarfe, kuma ya fi tsantsar ƙarfe ƙwari. Rodi da kwanon rufi da jikin mota da ƙusa da wuƙa duk daga gare shi suke.

Yadda ake rage kabon shi ne a ƙone shi. A 1856 Henry Bessemer ya fito da dabarar hura iska cikin narkakken ɗanyen ƙarfe. A 1952 aka fara amfani da tsantsar oksijin a garin Linz na ƙasar Ostiriya, kuma wannan hanyar ce ke samar da kimanin kashi 70 cikin 100 na tataccen ƙarfen duniya a yau. Ana zuba ɗanyen ƙarfe da ɗan tsohon ƙarfe a wata babbar tukunya da kan ɗauki tan 300, a sauko da bututu a fesa oksijin da ƙarfi. Cikin kimanin minti 20 kabon ya ƙone ya fita. Ba a buƙatar wani makamashi, ƙonewar da kanta ke ƙara zafi har ya wuce digiri 1,600. Ana zuba toyayyar farar ƙasa don ta kwashe sauran datti.

Dattin da masu wannan aiki suka fi tsoro iri biyu ne. Farar wuta tana sa ƙarfe ya tsage lokacin da ake sarrafa shi da zafi. Fosforas kuma yana sa shi karyewa bayan ya huce. Shi ya sa kafin a zuba ƙarfe ake ɗiban samfuri a kai ɗakin gwaji, a auna kowane sinadari, a ƙara abin da ya gaza kamar manganis, a rage abin da ya yi yawa.

Hanya ta biyu ita ce tanderun lantarki. Ana cika shi da tsofaffin ƙarafa, a sauko da manyan sanduna uku na kabon, wuta ta yi tsalle tsakaninsu da ƙarafan kamar walda, ta narkar da komai. Ƙarfe ba ya gajiya da sake narkewa, shi ya sa tsohon ƙarfen da yara ke tarawa a unguwanni yake da kuɗi. Ƙasashen da ke da iskar gas da yawa, kamar Iran da Saudiyya da Masar da Aljeriya, suna amfani da gas su cire oksijin daga tama ba tare da sun narka ta ba. Abin da ke fita ana ce masa ƙarfen soso, ɗan'uwan curin nan na magabata, sai a narka shi a tanderun lantarki.

Akwai kuma ƙananan tanderu na lantarki da ke narka tsohon ƙarfe kawai ba tare da sun iya tace shi sosai ba. Idan mai masana'anta bai tsaya ya zaɓi abin da yake zubawa ba, kuma bai yi gwaji ba, duk dattin da ya shiga yana nan cikin rodin. Ƙasar Sin, wadda ke yin fiye da rabin tataccen ƙarfen duniya, ta rufe irin waɗannan masana'antu masu yin ƙarfen gini mara inganci a 2017.

Zubi da mulmula

Narkakken tataccen ƙarfe ana tsiyaya shi cikin wani mazubi na jan ƙarfe da ruwa ke sanyaya shi, ya riƙa fita ta ƙasa a daskare ba yankewa, ana datsa shi gwargwadon buƙata. Idan doguwar sanda ce mai kusurwa huɗu, sunanta bilet, daga ita ake yin rodi da waya. Idan faffaɗa ce kamar katifa, sunanta silab, daga ita ake yin faranti da kwano.

A masana'antar mulmula ana sake gasa bilet zuwa kimanin digiri 1,200, a tura shi tsakanin manyan naɗe-naɗe masu juyawa, kowane ya fi na bayansa matsewa. Sandar tana sirancewa tana ƙara tsawo, na ƙarshe kuma ya buga mata ƙusoshin nan da ke sa kankare ya kama rodi. Yawancin masana'antun ƙarfe da ke yankinmu a wannan mataki suke aiki, ko dai su sayo bilet, ko su narka tsohon ƙarfe su mulmula.

Ire-iren tataccen ƙarfe

Mai ƙarancin kabon, ƙasa da kashi 0.3 cikin 100, yana lanƙwasuwa kuma yana karɓar walda. Shi ne na gini da ƙofofi da tagogi. Mai matsakaicin kabon ana yin sassan inji da shi. Mai yawan kabon, daga kashi 0.6 zuwa sama, shi ne na wuƙa da zarto da sifirin. Wannan ne dalilin da ya sa maƙeri ke neman sifirin na tsohuwar mota idan zai ƙera adda ko gatari. Masu walda suna gane shi a kan dutsen wasa na inji: tartsatsinsa yana fashewa reshe-reshe, na mai ƙarancin kabon kuwa yana tafiya a miƙe.

Wuta ma tana canza halin ƙarfe. Idan aka gasa mai yawan kabon ya yi ja aka tsoma shi a ruwa ko mai, zai yi tauri ƙwarai, amma zai yi gautsi. Sai a sake ɗumama shi kaɗan don gautsin ya ragu. Idan kuma aka bar shi ya huce a hankali cikin toka, zai yi laushi. Maƙeranmu sun san wannan da idonsu, ta launin ƙarfen.

Ƙarfe mara tsatsa, irin na cokali da kayan asibiti, an haɗa shi da sinadarin kuromiyam aƙalla kashi 10.5 cikin 100. Kwanon rufi kuwa ana tsoma shi ne a narkakkiyar tutiya. Idan tutiyar ta yi siriri, damina kaɗan za ta cinye ta, kwano ya fara ja.

Abin dubawa wajen sayen rodi

Kankare yana jure danniya, amma ba ya jure ja. Rodi ne ke ɗaukar jan. Lambar rodi ita ce kaurinsa a milimita, kuma kowace lamba tana da nauyinta. Sanda mai tsawon mita 12 ta lamba 8 tana da kimanin kilo 4.7, ta lamba 10 kilo 7.4, ta lamba 12 kilo 10.7, ta lamba 16 kuma kusan kilo 19. Sikeli ba ya ƙarya. Idan aka rage milimita ɗaya daga lamba 12, ido ba zai gani ba, amma kashi 16 cikin 100 na ƙarfen ya tafi. Idan aka rage ɗaya da rabi, kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne ya tafi.

Bayan kauri akwai daraja. A ƙasashen da ke aiki da Faransanci za ka ga an rubuta FeE400 ko FeE500 a takardun gini. Lamba 12 mai darajar 400 tana ɗaukar jan da ya kai tan 4 da rabi kafin ta fara miƙewa. Wadda aka yi da gurɓataccen ƙarfe tana iya kasawa tun kafin nan, ko ta karye farat ɗaya ba gargaɗi.

Saboda haka muna ba kwamitocin masallatai da masu gini shawara kamar haka. A nemi injiniya ya tsara ginin, ya faɗi lamba da daraja da yawan rodin da za a sa. A je kasuwa da sikeli da ma'aunin tsawo. A sa a lanƙwasa guntu ɗaya a gaban ido, mai kyau zai lanƙwasu ba tsagewa. A duba tambarin masana'anta a jikin sandar, a nemi takardar gwaji idan aikin babba ne. Wajen zubi, a tabbata kankare ya rufe rodi da kaurin santimita 2.5 zuwa 3, domin idan ruwa ya kai gare shi zai yi tsatsa, tsatsa kuma tana kumbura ta fasa kankare. Kada a ƙara bene a kan ginin da ba a tsara shi don haka ba.

Amana ce

Ya ku ƴan'uwa, Suratul Muɗaffifina ta yi kashedi mai tsanani ga masu tauye mudu. Muslim ya ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya cusa hannunsa cikin tarin hatsi a kasuwa ya ji jiƙa a ƙasa, ya tsawata wa mai shi, ya kuma nesanta kansa da mai algus. Wanda ya sayar da lamba 10 da rabi da sunan lamba 12 ya tauye mudu. Maginin da aka ba shi sanda shida ya sa huɗu ya karkatar da biyu ya ci amana. Algus ɗin hatsi ana gane shi a gida tun ranar, na rodi kuwa kankare ke rufe shi, ba ya bayyana sai ranar da rufi ya faɗo kan mutane. Ɗan kwamitin da ya sayi mai araha yana sane, don a yaba masa da tattali, shi ma ya ji tsoron Allah.

Ga ɗalibai kuma akwai abin tunani. Allah Ya ba yankinmu tama. Jirgin ƙasa na Muritaniya yana ɗaukar ta kilomita 704 daga Zouérat zuwa tashar ruwa ta Nouadhibou. Duwatsun Simandou na Gini suna cikin wuraren da suka fi tama mai kyau a duniya, Nijar na da tata a yankin Say, Najeriya kuma a Itakpe. Duk da haka, masana'antar Ajaokuta da aka fara ginawa kusan 1980 da taimakon Tarayyar Sobiyat, dogon tanderunta bai taɓa narka tama ba. Tamar Afirka tana tafiya waje a ɗanye, ta dawo mana a matsayin rodi da mota da tsada. Malamai sun lissafa sana'o'in da al'umma ba ta iya rayuwa sai da su cikin farillan kifaya. Yaron da ke haddar Suratul Hadid da safe, ya kuma dage kan lissafi da kimiyya a makarantar boko da niyyar amfanar Musulmi, yana cikin ibada a wuraren biyu. Iyaye kuma su daina raina ƙira da walda, sana'ar da Annabin Allah Dawuda (AS) ya ci abinci da ita.

Allah Ya ba mu ilimi mai amfani da arziki na halal, Ya tsare mu daga algus da cin amana, Ya kare masallatanmu da makarantunmu da gidajenmu. Allah Ya yi daɗin tsira ga Annabinmu Muhammadu da iyalansa da sahabbansa baki ɗaya. Amin.